Ƙuri'ar Rahmatu

Mu goma sha uku ne a ƙungiyar karatun, duk mata, kuma ni ce mai haɗa ƙuri'a, don babu wadda ta yarda ta ɗauki aikin. Sunana Jidda, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Kalgo. Duk wata mukan kawo sunayen littattafai uku a zaurenmu na waya, a ba kowa mako biyu ta danna wanda take so. Wanda ya yi rinjaye shi za a karanta, a haɗu a gidan shugabarmu Malama Halimatusa'adiya, a sha zoɓo a yi ta musu har la'asar. Iyakar abin ke nan. Da wani ya ce mini wata rana zan zauna in yi rubutu a kan wannan 'yar ƙuri'a, da na ce ya rasa aikin yi.

Da damina ta kankama, Malama ta ce wannan karon a kawo ƙagaggun labaran kimiyya, irin na duniyar gobe, waɗanda mata suka rubuta a kan rayuwar mata. Ita ta fara kawo nata, Rijiya a Wata, labarin wasu mata injiniyoyi da suka haƙo ruwa a duniyar wata. Wata ɗaliba ta kawo na biyu, wanda yanzu ko sunansa ban riƙe ba. Na uku ya zo daga Gwandu, cikin muryar Rahmatu.

Rahmatu ɗalibar ajin ƙarshe ce a sashen fiziks, matar Malam Haliru, mai koyar da Hausa a wata sakandare a Birnin Kebbi. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. Aka ce Rahmatu ta je Gwandu ta riƙe ta na mako biyu kafin 'ya'yan Inna su tsara yadda za a yi. Ranar da ta turo saƙon tana cikin mako na shida. Saura mako uku a fara jarrabawar ƙarshe, kuma ta riga ta taɓa ɗage karatu shekara guda lokacin da ta yi ɓari. Idan ta rasa wannan, sai dai ta haƙura da digirin. Duk mun san haka.

"Salamu alaikum 'yan uwa, ku yi hanƙuri da ni, kwana biyu ban leƙo ba," in ji muryar. "Littahin da nike so a sa, suna nai Yau Layin Wa? Wani gari na, shekara ɗari biyu nan gaba. In mutum ya kwanta ciyo, na'ura ka kiran suna, kowa da rana tai ta jinya, namiji da mace, ba a cewa a'a. Akwai motoci masu tashi bisa, amma ni ba su ba ni mamaki ba. Wurin da nis san lalle labarin kimiyya na, wurin da ƙato da gemu nai yad duƙa shina wankin zanen uwa tai."

Ta yi dariya. Aka ji wani abu ya faɗi a bayanta, kamar kwano, sai saƙon ya yanke. Mu ma muka yi ta tura fuskokin dariya, na ɗora littattafan uku a ƙuri'a, kowa ta koma harkarta.

Kwana biyar ba a ji ta ba. Ranar na shida, da hantsi, ina tsakiyar wanke kwalabe, saƙo ya shigo daga lambarta, a rubuce:

"Assalamu alaikum. Na janye littafin da na kawo, domin bai dace da tarbiyyarmu ba. Na zaɓi na farko, kamar yadda muka saba bin shawarar manya. Na gode ƙwarai."

Na duba ƙuri'a, ga sunanta a ƙarƙashin Rijiya a Wata.

Na karanta saƙon sau uku, hannuna da kumfa. Shekara biyu ina karanta rubutun Rahmatu, ban taɓa ganin ta rubuta "muka" ba. Yadda take magana haka take rubutu: munka, kunka, littahi, lahiya. Kanawan ƙungiyar sun sha tsokanarta a kai, ta ce da harshen da aka yi mata huɗuba za ta mutu. Ba ta sa aya, ba ta neman ƙ mai lanƙwasa a waya, ta ce ba ta da lokacin. Wannan saƙo kuwa kowane harafi da lanƙwasarsa, kowace jimla da ayarta, kamar amsar jarrabawa. Mutum ɗaya na sani a Gwandu da zai gwammace ya haɗiye harshensa da ya rubuta "munka". An haife shi a bayan kasuwar garin, ya yi shekara huɗu a Kano, ya dawo yana gyara wa mahaifiyarsa Hausa.

Na kira lambar, ba a ɗauka ba. A karo na uku aka ɗauka.

"Malama Jidda, barka da aiki," in ji Malam Haliru. "Tana wurin Inna. Akwai saƙo?"

Na ce a gaishe ta. Na kashe, na ci gaba da wanke kwalabe.

Da yamma na biya gidan Malama Halimatusa'adiya na nuna mata. Ta gyara tabarau ta karanta. Ita 'yar Zariya ce, sai da na fayyace mata bambancin sannan ta gane. Ta ce abin bai yi daɗi ba. Sai ta ce littafin dai ba zai janyu ba tunda wasu sun riga sun zaɓe shi, ƙuri'ar kuma daga lambar mamba ta fito.

"Jidda, ƙungiyar karatu muke, ba kotu ba," ta ce. "Idan muka fara shiga gidajen mutane, mazajen sauran za su cire matansu. Kin san da ƙyar muka kai goma sha uku."

Gaskiya ta faɗa, da ƙyar muka kai. Na sha zoɓonta na tafi.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, daga can na shiga ta Gwandu. Ana yayyafi na isa. A zaure na iske Abdulgani, autan Inna, mutum mai shekara talatin da wani abu, yana kishingiɗe a benci da rediyo a kan cikinsa. Ya amsa sallama bai tashi ba, ya nuna mini ciki da haɓa.

Tsakar gidan igiya ce ko'ina. Zannuwa, tsummoki, ledar shimfiɗa, duk a jiƙe, babu wanda ya bushe, ruwan sama yana ƙara musu. Warin fitsari da na sabulu sun haɗu sun zauna a gidan. Rahmatu tana bakin rijiya a tsugune gaban baho. Ta ɗago ta dube ni, ta ɗan jima kafin ta gane ni.

"Anti Jidda. Ke ta? Lahiya dai?"

"Lahiya lau. Ke niz zo gani."

Ta goge hannu a zani. Fatar yatsunta ta saɓule, tsakanin yatsun ya yi fari ya tsage. Wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ba ta yi murna ba, ba ta yi kuka ba, ta ce in shigo ɗaki kada ruwa ya taɓa ni.

Inna tana kwance a katifa a ƙasa, bakinta ya karkace, ido ɗaya yana ta zubar da ruwa. Rahmatu ta gaya mini tsarin ba tare da na tambaya ba, da murya ɗaya, kamar mai karanta jerin cefane. Duk awa biyu a juya ta, kada bayanta ya yi gyambo. Kunu da cokali, rabin kofi yakan ci minti arba'in. A canza shimfiɗa sau biyar, wata rana bakwai. A shafa mai, a motsa hannu, a motsa ƙafa. Sannan girkin gida, don Abdulgani ba ya cin abincin waje, yana da gyambon ciki.

"Shi ba ya kama miki ko juyawa?"

"Ya ce shi namiji na, bai kamata shi ga jikin uwa tai ba."

"Wanki hwa? Ɗibar ruwa hwa?"

Ta nuna mini hannuwanta.

Littattafanta suna cikin jaka a ƙarƙashin gado, zik ɗin a rufe, ƙura a kai. Na tambaye ta waya. Ta ce ranar da ta turo mana saƙo Inna ta miƙa hannu ta ture kwano, ta zame daga katifa. Abdulgani ya gaya wa yayansa. Malam ya zo ya ce wayar ce ke raba mata hankali, ya sa a aljihu, ya ce zai riƙa amsa mata abin da ya zama dole.

Na fito da tawa na nuna mata saƙon. Ta karanta a hankali, leɓenta yana motsi.

"Ni nic ce haka?"

"Haka anka rubuto."

"Muka," ta ce. Ta ɗan ja numfashi ta hanci, ban san ko dariya ce ba. "Ko a saƙo na sai ya gyara min."

Ta miƙo mini wayar. Inna ta fara wani gurnani, tana buga katifa da hannunta mai lafiya. Rahmatu ta matsa kusa. Tsohuwar ta kama mata gefen zani, ta ja, ta saki, ta ture ta.

"Tahi," in ji Inna. Da ƙyar kalmar ta fito. "Tahi. Tahi."

"Ita ɗai ta iya hwaɗi tun da taf faɗi," in ji Rahmatu. "Malam ya ce ruɗewa ta, kowa take ce ma haka."

"Kin taɓa jin ta ce ma wani?"

"A'a."

Bayan azahar Malam Haliru ya iso daga Birnin Kebbi, kamar yadda yake yi duk Asabar, da lemo da ayaba a leda. Mutum ne mai tsabta da fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya yi mata addu'a mai tsawo, ya shafa kanta, ya fito kafin a buɗe shimfiɗa. Ya sa aka kawo mini kujera a rumfa. Na ce masa saura kwana goma sha shida jarrabawa.

"Na sani, Malama. Ni malami ne, babu wanda ya fi ni sanin darajar ilimi. Ni na saya mata fom da hannuna. Amma jarrabawa ana sake ta, uwa ba a sake ta."

"Wagga ba a sake ta. Ta riga ta ɗage sau guda."

"Allah zai kawo mafita."

Na tambayi ina sauran 'ya'yan Inna. Ya lissafo mini su a natse. Yaya Lawal yana Abuja, aikinsa ba a ba da hutu, matarsa ma ma'aikaciya ce. Mufida tana Jega, mijinta mutum ne mai wuyar sha'ani, ga yara huɗu. Abdulgani namiji ne. Shi kansa yana da aji shida, ɗalibansa ma jarrabawa ke gabansu, ba zai ci amanar 'ya'yan mutane ba. Akwai ƙanwar Inna a Malisa da ta ce za ta zo, amma tsohuwa ce, kuma mutane za su ce 'ya'ya huɗu sun kasa riƙe uwarsu.

Na ce to ni ina da hutun da ban ɗauka ba. A ba ni mako biyun jarrabawar, in zo in zauna da Inna, Rahmatu ta rubuta ta dawo. Na yi jinyar mahaifina shekara guda, na san aikin.

Ya yi murmushi, ya yi mini godiya har sau biyu.

"Allah ya saka da alheri. Amma baƙuwa ta ga tsiraicin mahaifiyarmu muna raye? Ina za mu sa fuskarmu a garin nan? Kuma ki duba, Malama, ladan da Rahmatu take samu yanzu, babu digirin da zai ba ta shi. Mu da Inna ta haifa ma ba mu samu wannan rabo ba."

"Ga rabon nan bakin rijiya, Malam. Baho biyu na."

Bai ji haushi ba. Ya ce ya san mu 'yan ƙungiya akwai iya magana. Na ce tunda ya kawo zancen ƙungiya, saƙon da aka turo mana ba Rahmatu ta rubuta ba. Bai musa ba. Ya ce ya saurari abin da ta faɗa a kan littafin, ya ga zai iya zama abin magana idan ya fita, a ce matarsa tana yi wa gidansu habaici a gaban mata goma sha biyu. Ya gyara ne kawai. Ai mata da miji abu ɗaya ne.

"Amma na ƙaru da ku," ya ce. "Wannan tsari naku na ƙuri'a ya burge ni. Babu rigima, babu zalunci, kowa ya danna abin da yake so. Shi zan sa a zauren gidanmu na waya. Duk wadda aka zaɓa ta zauna da Inna, shi ke nan, ba wanda zai ce an yi masa dole."

Ya nuna mini abin da ya riga ya tsara, saura turawa. Tambayar tana sama, da alamar tambaya da komai: Wa ya fi dacewa ya ci gaba da kula da Inna? A ƙasa sunaye uku, Rahmatu, Mufida, da matar Yaya Lawal.

"Ina sunayen maza?"

Ya yi dariya sosai, har da tafa hannu. Ya ce lallai na karanta littafin nan na Rahmatu.

Da zan tafi ta rako ni iyakar ƙofar zaure, daga nan ba ta wucewa sai da dalili. Na ce mata ta ɗauko jakarta mu tafi yanzu, ta kwana a ɗakina, abin da zai faru ya faru. Ta waiga ta dubi ɗakin Inna.

"In na tahi, wa ka juya ta ƙarhe huɗu?"

Na tambaye ta abin da mahaifiyarta ta ce. Ta ce an kira ta, ta ce a yi haƙuri, aure ya fi takarda. Ta ce in gaida 'yan ƙungiya, ta koma ciki.

A makon da ya biyo na nemi lambar Mufida na kira ta. Ta yi kuka a waya, kukan gaske. Ta ce kullum da Inna take kwana a rai.

"Wallahi Anti in da ni ka da iko da yanzu ina Gwandu. Amma kin san maza. Kuma Rahmatu ta riga ta saba da jikin Inna, in anka canza hannu yanzu tsohuwa wahala za ta sha. Ita ko ɗiya ba ta da, ba abin da ka riƙe ta."

Na ce karatu yana riƙe da ita. Mufida ta ce Allah sarki, ai kuwa, ta ce za ta yi magana da Yaya. Yaya Lawal bai ɗauki wayata ba. Ya turo saƙo cewa yana taro, kuma maganar gida ce.

Ranar Juma'a ƙuri'armu ta rufe. Rijiya a Wata shida, Yau Layin Wa? biyar, ɗayan biyu. Na zauna ina kallon alƙaluman. Idan aka mayar da ƙuri'a ɗaya inda mai ita ta so, littafin Rahmatu ne ya ci. Abu ne ƙarami, na sani, littafi ne kawai da za a karanta a sha zoɓo. Amma shi kaɗai ne abin da ke hannuna a duk wannan lamari. Na rubuta wa Malama cewa ina so in cire ƙuri'ar. Ta ce idan na cire sai na faɗi dalili a gaban kowa, kuma wayar tana hannunsa, zai karanta, Rahmatu ce za ta kwana a ciki.

Na sanar da sakamako yadda yake. Aka yi ta turo hotunan tafi da furanni. Lambar Rahmatu ma ta turo: "Madalla da wannan zaɓi." Ban ji komai ba lokacin. Na ajiye wayar na dafa taliya na ci, na wanke tukunya. Sai da na zo shanya tsumman goge-goge abin ya kama ni. Kunya ce, ba wani abu ba. Na ƙirga ƙuri'ar da na san ta ƙarya ce, na sa sunana a ƙasa.

Kwana biyu bayan haka Malam Haliru ya turo mini hoton tasu ƙuri'ar, ba tare da na roƙa ba. Ya rubuta a ƙasa: "Don ki shaida an yi adalci." Mutum tara suka danna, 'ya'yan Inna huɗu, matar Yaya Lawal, mijin Mufida, kawunsu biyu, da lambar Rahmatu. Tara ɗin duk wuri ɗaya suka faɗa.

Ranar Litinin ɗin da aka fara jarrabawa na tsaya a tagar ɗakin gwaje-gwaje ina kallon 'yan ajinta suna shiga, kowa da katinsa a hannu, wasu suna ta duba takarda har bakin ƙofa. Na tsaya har aka rufe ƙofar. Ban san me nake jira ba, mota daga Gwandu ba ta shigowa har nan. Washegari na nemi izini na tafi.

A mota na yi ta juya abin. Babu wanda ya daki Rahmatu. Babu wanda ya zage ta, ko ya kulle ta a ɗaki, ko ya hana ta abinci. Da an yi ɗaya daga ciki da na san ƙofar da zan buga. Mutanen gidan nan duk masu salla ne, mafi yawansu sun yi boko, kowannensu yana son uwarsa har ya yi hawaye a waya. Kowa ya kawo uzurinsa, kuma kowane uzuri idan ka ɗauke shi shi kaɗai yana da kan gado. Sai da aka tara su wuri ɗaya suka zama shekara biyar na karatun yarinya da aka jiƙa a baho. Irin wannan gida ba ɗaya ba ne. Ku leƙa duk inda tsoho ya kwanta, za ku iske mace ɗaya da aka ce ta riƙe na mako biyu, yawanci wadda ba ita aka haifa a gidan ba, yawanci wadda ta fi kowa kunya. Ana kiranta mai lada don kada a kira ta da sunan abin da aka mayar da ita. Mu kuma da muke taruwa muna karanta yadda mata za su haƙa rijiya a wata, mun kasa ɗauko mace ɗaya daga bakin rijiya a Gwandu.

Na iske ta a ɗaki tana ba Inna kunu. Rana ta ɗan fito, an baza zannuwa har kan katanga. Ta amsa sallamata ba ta juyo ba, cokali yana bakin tsohuwar, tana jira ta haɗiye.

"An hwara?" ta ce.

"Jiya."

"Wace takarda?"

Na gaya mata. Ta gyaɗa kai.

"Na iya wagga. Ita nif fi iyawa."

Ta share wa Inna baki da gefen tsumma, ta sake ɗebo kunu. Na zauna a bakin gado. Na zo da maganganu da yawa a mota, a rubuta wa sashe takarda, a nemi alfarma, a gwada wata makarantar. Na fara, ta saurara kamar ana ba ta labarin wata mata a wani gari. Da na gama ta ce to.

"Ƙungiya hwa? Wane yac ci?"

"Na Malama. Da ƙuri'a guda."

"Allah sarki. Ku karanta nau ko daga baya, yana da daɗi."

Inna ta kawar da kai daga cokali. Ta kama zanen Rahmatu ta ja, bakinta yana ta motsi, amma yau kalmar ba ta fito ba, iska kawai. Rahmatu ta ajiye kofin, ta riƙe hannun har ya lafa.

"Anti, Malam ya ce an yi ƙuri'a ta gida. Ya ce kowa ya sa, hal ni." Ta juyo ta dube ni, karon farko tun shigowata. "Bai hwaɗa min ba, ni ko ban tambaya ba. Ke kin gani?"

"Na gani."

"Wa niz zaɓa?"

Na buɗe hoton na miƙa mata. Ta riƙe wayar da yatsu biyu don kada kunu ya taɓa. Ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har ta zo kan nata, a cikin waɗanda suka zaɓe ta. Ta daɗe a wurin. Daga zaure ana jin rediyon Abdulgani.

"To," ta ce. "Ashe ba a yi min dole ba."

Ta miƙo mini wayar, ta dubi inuwar da ke bakin ƙofa, ta naɗe hannun riga.

"Kama min ƙahwahunta, Anti. Lokacin juyi ya yi."